Buhun da Ban Matse Ba

A shekarar da fetur ya yi tsadar da ta sa maƙwabtanmu suka jingine motocinsu suka koma bin bas, maigidana ya sayar da tasa ya sayo mai lantarki, ta hannu, daga wajen wani abokin aikinsa da aka mayar Legas. Muna zaune a Ushafa lokacin, cikin rukunin gidajen da ma'aikatan gwamnati suka giggina a gefen gari. Shi motar ofis yake bi tun da sassafe, don haka motar ta zama a hannuna: in kai yara makaranta a Bwari, in ɗauko su, in shiga kasuwa. Abin da ba mu lissafa ba kafin mu saya shi ne wutar gidanmu. In an kawo ta ma, firji sai ya yi ta nishi kafin ya tashi, balle a ce ta cika batirin mota.

A duk garin wurin caji ɗaya ne. Wani kamfani ne ya kafa shi a wani fili bakin titi, akwatin ƙarfe mai tsayin mutum, da igiya mai kauri ta motoci a gaba, da wasu ƙananan wuraren jonawa a gefe na masu keken haya mai ƙafa uku mai caji. Fayafayan sola suna can baya a jere. In injin nan ya ƙi aiki, sai dai mutum ya shiga cikin birni, kuma wanda batirinsa ya yi ƙasa ba ya kaiwa. Motocinmu na rukunin gidaje ba su da yawa, mun san juna duka. Masu keke su ne da yawa, kuma su abincin gidansu ne a jikin akwatin nan.

A bakin filin akwai bishiyar mangwaro, a gindinta kuma akwai wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai sayar da tukwane. Kowa Mama yake ce mata. Ta riga injin zuwa wurin da shekaru. Ta taɓa nuna mini da haɓa inda kunyoyin doyar mijinta suke a da, daidai inda fayafayan sola suke yanzu, ta faɗa ba tare da wani ɗaci ba, kamar mai nuna hanyar kasuwa. Ita take gina tukwanenta a gida, ta gasa su tare da sauran mata, ta kawo nan ta jera: tulu, kasko, tukunyar miya, asusun yara, da tukwanen furanni da matan rukuninmu suke so. Kafin a kafa injin ciniki sai ranar sa'a. Da aka kafa, mutum zai zauna awa biyu ba abin yi sai kallon tukwane, a ƙarshe ya ɗauki ɗaya. Jikokinta uku take riƙo, uwarsu ta rasu, kuma da gindin mangwaron nan take ciyar da su.

Tana da wata babbar randa da ba ta sayarwa. Kullum da safe sai ta cika ta, ta ɗora moɗa a kan murfin, kowa ya sha.

“Hajiya, ka zo?” haka take tarbata, don Hausarta ba ta raba mace da namiji. “Zauna. Motarka zai sha, kai ma ka sha.”

Sai ta jawo mini kujerar tsuguno. Kirista ce, amma in azahar ta yi ita take fara cewa lokacina ya yi, ta ɗebo mini ruwan alwala, ta juya baya tana gyara tukwane har in idar. Nakan kai mata waina ranar Juma'a. Ta ce tawa ta fi ta kasuwa laushi amma ba na sa gishiri yadda ya kamata.

Da bazara ta shigo sai aka gano cutar injin. Wanda ya kafa shi bai yi masa inuwa ba. Daga hantsi rana take dukan ƙarfen, in ta take tsaka sai ya yi ƙara sau uku, jar fitila ta kama, ya ɗauke. Ba ya dawowa sai ya huce, wani lokacin sai bayan la'asar. An kira lambar da ke jikinsa har an gaji.

Mama ce ta samo maganin. In ta gina tukunya ba ta barin rana ta busar da ita da gaggawa, sai ta lulluɓe ta da buhun algarara mai danshi don kada ta tsage. Wata rana ta gaji da jin ƙorafin masu keke, ta tsoma buhu a ruwa, ta matse shi, ta sake matsewa har ba ɗigo, ta shimfiɗa a saman akwatin da gefen da rana take duka. Injin bai ɗauke ba ranar. Washegari ma haka. A gefen akwatin akwai wasu tsagogi da iska take shiga, ita hancinsa take ce musu.

“Kar buhu ya taɓa hancinsa,” take cewa. “Danshi yake so, ba wanka ba.”

Kowa ya san da buhun. Maigadin wurin, wani dattijo mai yawan lazimi, ya sani. Masu keke sun sani, har sukan tsokane ta da Injiniya. Shugaban rukunin gidajenmu, wani darakta a ma'aikatar tarayya mai babbar baƙar mota, shi ne ma ya fi kowa nema. Tun bai kashe mota ba zai sauke gilashi.

“Mama, a sa wa yaronki riga mana, ina da mitin ƙarfe biyu.”

“Oga, yarona ne yanzu? In ya yi kuka kai za ka goya.”

Ya yi dariya ya ce a ba shi tukunyar furanni ɗaya, madam tana so.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Na kai yara da abin da ya rage a batir, na dawo na jona wajen sha ɗaya da rabi. Ba kowa sai ni, masu keke duk suna kan hanya. Mama ta bi wata mata da ta sayi randa biyu don ta taya ta kaiwa gida, ta ce in duba mata kaya. Maigadi ya tafi masallacin bayan titi tun kafin a kira salla, kamar yadda ya saba. Buhun da ke kan injin ya bushe ƙayau. Ina zaune na ji ƙara ta farko. Na duba, cajin bai kai inda zai kai ni Bwari ya dawo da ni ba, ga yara ana tashinsu ƙarfe biyu, ƙaramar kuma tana da tsoron a bar ta a bakin get.

Na tashi na janye buhun, na tsoma shi cikin bokitin Mama. Na ji ƙara ta biyu. Ban matse ba. Na san ana matsewa, na gani da idona ba sau ɗaya ba, amma a raina na ce ai yawan ruwan zai fi saurin sanyaya shi. Na ɗora shi yana zuba, ya sauko har kan tsagogin nan. Ban tsaya nan ba. Na ɗebi ruwa da moɗa na kwara a kai, yadda mahaifiyata take kwara wa tulu ruwa a jiki don na ciki ya yi sanyi.

Wani abu ya fashe a ciki, ba da ƙarfi sosai ba, kamar an taka kwalba cikin tsumma. Fitilun suka mutu duka. Wani siririn hayaƙi ya fito ta tsagogin, da warin roba.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da na fi jin nauyin rubutawa. Na janye buhun, na kai shi gindin mangwaro, na shimfiɗa a kan tukwanen Mama. Na mayar da moɗar kan randa. Na goge hannuna da gefen hijabi. Na cire igiyar daga mota na rataye ta inda take. Da na juyo zan shiga mota sai na hango ta a bakin titi, tana jiran wata tifa ta wuce. Ban san tun yaushe take tsaye a wurin ba. Na ɗaga mata hannu, na ja mota a hankali zuwa gida, na ɗauki ɗan acaba na je na kwaso yara.

Bayan la'asar maigidana ya dawo, na gaya masa komai. Ya zauna yana cire safa, bai kalle ni ba.

“Wa ya gan ki?”

“Ban sani ba, Alhaji. Wataƙila Mama.”

“Wataƙila.” Ya ninke safar ya cusa cikin takalmi. “To ki saurara. A takardar da muka sa wa hannu, in mai katin caji ne ya lalata injin, rufe katinsa za su yi su kai magana gaba. Sunana ne a katin. Kin san inda nake aiki. Ki bar bakinki a rufe har mu ga abin da za su ce.”

Ranar Asabar da hantsi injiniyan kamfanin ya zo, aka tara mu a filin. Masu keke sun cika wurin, kwana uku ke nan ba su yi aiki ba, idanunsu sun yi ja. Injiniyan ya buɗe akwatin ya leƙa, ya ce ruwa ne ya shiga. Ya ce in abokan hulɗa ne suke wasa da kayan, kamfani zai kwashe ya kai wani garin, don akwai masu roƙo. In kuma wani na waje ne, za a gyara a kewaye wurin da waya.

Na ga yadda maganar ta sauka a fuskokin mutane. Ba wanda ya yi shawara da wani. Kawai sai kowa ya juya ya kalli gindin mangwaro.

Darakta ne ya yafito ta da yatsa biyu. Ta taso tana goge hannu da zani, ta rusuna ta gaishe shi. Bai amsa ba. Ya ɗaga waya ya saita ta a fuskarta.

“Faɗa wa injiniya makarantar da kika yi karatun lantarki.”

Wasu suka yi dariya.

“Oga, ban yi makaranta ba.”

“Amma kina taɓa injin da ko a mafarki ba ki san kuɗinsa ba. Wa yake sa buhu a kai?”

“Ni ne.”

“Da ƙarfi, waya ba ta ji ba.”

“Ni ne yake sa. Kai ma kana cewa in sa.”

“Ni?” Ya waiwaya ya dubi jama'a. “Akwai wanda ya taɓa jin na ce a jiƙa injin lantarki? Ni da digiri biyu?”

Ba wanda ya ji. Maigadi ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wani mai keke da na sha ganin Mama tana ba shi dafaffiyar gyaɗa ya ce shi dama tun farko ya faɗa abin nan ba zai ƙare lafiya ba.

“Nawa buhu ba ya ɗiga,” in ji Mama. “Ina matse shi. Shekara nawa ina matse buhu.”

“To ranar Laraba aljani ne ya zuba ruwan?”

Ta juyo ta dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon wanda ya riƙe maka ƙofa ne yana jira ka shigo. Ina tsaye a bayan maigidana. Na buɗe baki. Shi kuma bai ko waiwayo ba, ya ɗan matsa da kafaɗarsa ya tare tsakanina da ita. Na rufe bakin. Ba zan ce ya hana ni ba. Kafaɗa ce kawai, da na so da na zagaye ta.

Darakta ya sa ta maimaita a waya cewa ita take sa buhu, ya yanke daidai nan. Ya ce albarkacin tsufanta ba za a kira 'yan sanda ba, amma kafin azahar kada a ga ko kasko ɗaya a filin.

Ta roƙi masu keke su taya ta kwashe kayan a keke, ko da turawa da hannu ne tunda ba caji, ba wanda ya motsa. Sai ta fara kwasa ita kaɗai. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Ta jera tukwane cikin babban ƙoƙo, ta ɗora a bayan wuya, ta riƙe da hannu ɗaya, ta haye titi ta sauke, ta dawo. Tana sawu na uku wani mai keke ya sa ƙafa ya ture tulu ɗaya, ya fashe. Ya ce wannan na Alhamis ne da 'ya'yansa suka kwana da garin kwaki ba suga. Ya ture wani ya ce na Juma'a. Wasu suka shiga. Asusun yara ne suka fi saurin fashewa, suna yi suna dariya. Randar da duk muka sha daga cikinta mutum biyu ne suka kama suka kifar, ruwan ya bi ƙasa ya shige ƙarƙashin motocinmu. Darakta ya ce, “Kai, ku bari mana,” yana duba wani abu a wayarsa.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta tsuguna tana zaɓar waɗanda ba su fashe ba, tana ƙwanƙwasa kowacce da yatsa tana kai kunne, ta ji ko ta tsage. Ni ina cikin motar maƙwabciyata, gilashi a rufe, ina karanta hasbunallahu kamar ni aka zalunta.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga wayoyin unguwa. A guruf ɗin matan rukuninmu wata ta rubuta cewa irin mutanen nan in ka sake musu fuska sai sun hau kanka. Wata ta sa hoton dariya. Wadda ta fi kowa sayen tukwanen furanni ta ce dama tana ƙyanƙyamin moɗar nan.

An gyara injin bayan mako biyu. Aka kewaye filin da waya, aka sa ƙofa, aka yi wa akwatin rumfar kwano. Mangwaron ma ya zama yana cikin shingen.

Ni kuwa salla ta gagare ni natsuwa. A Islamiyya an koya mana cewa abin da ke tsakaninka da Allah istigfari yana wanke shi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Wata safiya bayan na kai yara na shiga cikin tsohon gari ina tambaya, har aka nuna mini gidanta. Na same ta a tsakar gida tana kirɓa yumɓu. Na miƙa mata shinkafa da turmin atamfa da na zo da su. Ta ce in ajiye can. Ba ta jawo mini kujera ba, ni na tsuguna.

“Mama, ni ce na zuba ruwan.”

“Na sani. Na ga hannunka.”

“Me ya sa ba ki faɗa ba?”

“In faɗa a gaban mijinka? Su ce tsohuwa ya ƙone inji, ya kuma yi wa matar oga ƙarya?” Ta ci gaba da kirɓi. “Na ce Hajiya zai faɗa da kansa. Mai salla ne.”

Na yi kuka, ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Bidiyon ya kai wajen mai unguwarsu. Ya ce ta jawo wa gari abin kunya a gaban baƙi, ya hana ta kasa kaya ko'ina a bakin titin Ushafa. Matan da suke gasa tukwane tare sun fara kunna wutar gashi ba su gaya mata ba.

“Ba na son atamfa,” ta ce. “Abu ɗaya. Ranar Talata da safe mai unguwa yana zama a ƙofar gida. Ka zo ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. Ba waya, ba oga. Shi kaɗai. Ya bar ni in zauna tsallaken titi.”

Na ce zan zo. Na ce in sha Allahu, na kuma ƙara da wallahi, ba ta nema ba.

Ranar Litinin na gaya wa maigidana. Ya ce maganar da aka faɗa a ƙofar mai unguwa da safe, kafin azahar tana kunnen Darakta, kafin la'asar tana kamfani. Ya ce in tuna masu keken nan da abin da suka yi wa tukwane, su ne suke wucewa ta ƙofar gidanmu kullum, yarana kuma a hanyar suke. Ya ce na kai mata abinci, na nemi gafara, me kuma ya rage? Bai ɗaga murya ba. Bai ce kada in je ba. Ya ce in yi abin da na ga ya dace, amma in sani da sunansa zan yi.

Ranar Talata na kai yara na dawo. Na yi wanka, na sa hijabin fita, na ɗauki makulli. Na zauna a bakin gado in ɗaura igiyar takalmi, ban tashi daga wurin ba har aka kira azahar. Daga baya mai kawo mana ruwa, wadda unguwarsu ɗaya da Mama, ta ce ta gan ta ranar a ƙofar mai unguwa tun da safe, zaune a kan dutse, duk motar da ta shigo layin sai ta miƙe.

Ban sake komawa gidanta ba. Sau ɗaya na ƙara ganinta, da damina, a hanyar Bwari. Ranar kasuwa ce, tana tafe a gefen kwalta da kaya a kafaɗa, ta yi nisa da gari sosai, ƙafafunta duk jar laka. Kujerar baya ba kowa, but ɗin motar ma ba komai a ciki. Na rage gudu har na zo daidai bayanta. Motar ba ta da ƙara, ba ta ji zuwana ba, kuma kayan sun tare mata gefen da nake. Na bi ta a haka na ɗan lokaci, ina kallon dugaduganta. Wata bas ta matsa mini hon daga baya, sai na taka na wuce.